Na'urorin keke sun saɓa a kan tsayi da hawa: wacce za a yarda da ita?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni da abokina mun fita da kekuna a wajen garin Jos, hanya ɗaya muka bi, kusan kilomita 60. Na'urar da ke kan kekensa ta ce mun yi hawan mita 640, wayata ta ce 910, da na ɗora a Strava kuma, manhajar da mahaya keke ke adana tafiyarsu a ciki, tawa ta koma 720. Sannan a wani tudu da ya kusa sauke ni daga kan keke, na'urarsa kashi 4 take nunawa, sai da muka kusa kaiwa sama ta ce kashi 11. Wanne ne gaskiya, kuma akwai yadda za a gyara?

Amsa: Wa'alaikumus salam, ɗan'uwa. Idan na'urar abokinka mai baromita ce, wato ma'aunin nauyin iska, kuma ƙofar iskarta ba ta toshe ba, 640 ɗin ce ta fi kusa da gaskiya, kuma ainihin hawan da kuka yi zai ɗan ɗara ta, wataƙila ya kai wajen 680. Ta 910 ita za ka fara ajiyewa gefe. Dalilin zai fito idan muka raba abubuwa uku da ake yawan cakuɗawa: tsayin wurin da kake daga doron teku, jimillar hawan da ka yi a tafiyar, da kason tudu, wato mita nawa hanya ta tashi a cikin kowace mita 100. Babu ko ɗaya daga cikinsu da na'urar ke aunawa kai tsaye. Wani abu daban take aunawa, sai ta yi lissafi, kuma kowane lissafi da irin cutarsa.

Mu fara da wayarka. Taurarin GPS na shawagi a nisan kusan kilomita 20,200 daga ƙasa, kuma sai waya ta ji aƙalla huɗu kafin ta iya fitar da wuri tare da tsayi. Wajen gano gabas da yamma, kudu da arewa, taurarin sun kewaye ka ta kowane gefe, kuskuren wannan ɓangare yana rage na wancan. Wajen tsayi kuwa duk a samanka suke, waɗanda ke ƙarƙashin ƙafarka ƙasa ta tare su. Shi ya sa kuskuren tsayi yakan kai ninki biyu na kuskuren wuri, wani lokaci uku. Wayar da ta same ka a taswira da kuskuren mita 4 tana iya kuskure tsayinka da mita 8 ko 12, kuma a gindin dutse, ko cikin itatuwa, ko tsakanin benaye, abin ya fi haka.

Da a ce kuskuren a tsaye yake wuri ɗaya, da ba zai taɓa jimillar hawa ba. Matsalar ita ce lambar rawa take yi: yanzu ta ɗan hau, an jima ta ɗan sauka, kai kuwa kana kan shimfiɗaɗɗiyar hanya. Manhajar tana tara duk hawa ne kawai, ba ta cire saukar da ta biyo baya. Yi lissafin da kanka. Tafiyar awa uku, ana rubuta tsayi kowace daƙiƙa, ɗigo 10,800 ke nan. Idan a rabinsu lambar ta yi tsallen ƙarya na santimita 5 kacal, an ƙara maka mita 270 da ba ka taka feda dominsu ba. Daga nan irin su 910 ke fitowa. Sababbin na'urori masu sauraron taurarin Galileo na Turai da GLONASS na Rasha da BeiDou na Sin, masu kama zango biyu na saƙo, sun rage rawar sosai, amma har yanzu babu tauraro a ƙarƙashin ƙasa.

Wani abin kuma da kan rikita mutane: GPS na lissafa tsayi ne daga wani sumul ɗin siffar duniya da aka ƙayyade da lissafi, ba daga doron teku ba, kuma bambancin biyun yakan kai kusan mita 100 a wasu sassan duniya. Na'urorin keke na gyara wannan da kansu, amma wasu manhajojin Android ɗanyen tsayin suke nunawa. Idan wayarka kullum tana sama da ta abokinka da adadi ɗaya, zargi wannan. Ba ya shafar jimillar hawa.

Baromita kuwa nauyin iska take aunawa. Kana hawa, iskar da ke kanka tana raguwa. Da miliba ake ƙidaya nauyin iska, kuma a bakin teku miliba 1 na raguwa a kowace mita 8 da 'yan kai, a tsayin Kano wajen mita 9, a Jos tsakanin 9 da 10. 'Yar guntuwar da ke wannan aiki ba ta kai ƙwayar shinkafa ba, amma tana da kaifi: irin BMP280 ta kamfanin Bosch, wadda ta yaɗu a wayoyi da ƙananan na'urori, kuskurenta wajen bambance tsayi biyu bai wuce kusan mita 1 ba, kodayake wajen faɗin ainihin nauyin iskar tana iya kuskure miliba guda cur. Ka riƙe wannan: baromita gwana ce wajen cewa "ka hau mita 12 daga ɗazu", ba ta da tabbas wajen cewa "kana kan mita 1,230".

Ita ba rawa ce cutarta ba, zamewa ce. Ba ta iya bambance raguwar iska saboda ka hau tudu da raguwarta saboda yanayi ya sauya. A ƙasashe masu zafi irin namu akwai wani abu da littattafan da ke zuwa da na'urorin ba su cika ambata ba, domin a Turai guguwowinsu kan rufe shi: nauyin iska na hawa da sauka sau biyu kowace rana kamar agogo. Yana kai ƙololuwa wajen ƙarfe 10 na safe da 10 na dare, yana faɗuwa ƙasa wajen 4 na yamma da 4 na asuba. Daga hantsi zuwa la'asar yakan ragu da miliba 3 zuwa 4. Ajiye na'urar a kan tebur da ƙarfe 10, ka dawo bayan sallar la'asar, za ka tarar ta ce teburin ya hau mita 25 zuwa 35. Mai fita bayan asuba ya dawo da hantsi akasin haka zai gani: ƙofar gidansa ta yi ƙasa da mita 10 zuwa 20 daga inda ya bar ta. Wannan ba lalacewa ba ce, kada ka mayar wa mai shago. Kuma lura, ɓarnar zamewa a kan jimillar hawa ƙarama ce: mita 30 a cikin awa shida iyakarta ke nan, ba ta taruwa kamar rawar GPS. Da damina akwai ƙari. Iskar nan mai sanyi da ke zuwa gaban hadari tana ɗaga nauyin iska da miliba ɗaya zuwa uku cikin 'yan mintoci, sai ka ga gangarar da babu ita a zanen tafiyarka.

Zafi ma na da hannu, ta hanya biyu. Lissafin da ake mayar da nauyin iska zuwa tsayi an gina shi ne a kan ƙa'idar da ta ɗauka cewa a bakin teku nauyin miliba 1013.25 ne, zafin digiri 15, kuma yana raguwa da digiri 6.5 a kowace kilomita ta sama. Bisa wannan ƙa'ida, a tsayin Jos digiri 7 ya kamata a samu. Idan ranar da kuka fita digiri 27 ne, kun ɗara ƙa'idar da 20. Iska mai zafi ta fi sauƙi, nauyinta ba ya raguwa da sauri in ana hawa, don haka na'urar da ke bin ƙa'idar tsantsa za ta rage maka kusan kashi 3 da rabi na hawa a kowane digiri 10 na ƙari. Kashi 7 ke nan a ranarku: hawan mita 100 ya fito 93. Wannan ne ya sa na ce gaskiyar ta ɗan ɗara 640. Hanya ta biyu ita ce zafin jikin na'urar kanta. In ka fito da ita daga ɗaki mai na'urar sanyaya iska ka ɗora a kan keke cikin rana, lambar za ta yi ta tafiya har sai jikinta ya daidaita da waje. Ba ta minti 10 a inuwa kafin ka danna farawa.

Amma abin da ya fi lalata karatun baromita ba ko ɗaya daga cikin waɗannan ba ne, toshewar ƙofa ce. Juya na'urar ka duba bayanta ko ƙasanta, za ka ga 'yan ramuka ƙanana kamar bakin allura, a agogon hannu kuma a gefe suke. Ta nan iska ke shiga. Ƙurar hunturu ta haɗu da gumi ta zama laka a ciki, ko ɗigon ruwan sama ya rufe bakin, ko rigar roba da aka saya don kariya ta hau kan ramin. Alamarta biyu ce. Ko tsayin ya daskare kana hawa kashi 0 ake nuna maka, sannan ya yi tsalle lokaci guda. Ko kuma zanen ya koma kamar haƙoran zarto, jimilla ta ninka. Ga na'urar da ba ta jin ruwa, maganin shi ne a tsoma ta cikin ruwa mai ɗumi kaɗan na 'yan mintoci, a kaɗa ta a ciki, a girgiza, a bar ta ta bushe da ramukan suna kallon ƙasa. Kada a sa allura ko tsinken sakace, kada kuma a kai wa mai faci ya hura mata iskar injin, domin bayan ramin akwai siririyar fata da ke hana ruwa shiga, in ta yage shi ke nan. Mai sa waya cikin leda ya ɗaure bakinta saboda ruwan sama shi ma ya sani: duk lokacin da ledar ta matsu a aljihu, baromitar wayar tana ɗauka gangara aka yi.

Iskar gudu ma tana taɓawa. A gudun kilomita 36 cikin awa, iskar da ke dukan gaban keke na da ƙarfin kusan miliba 0.6, daidai da mita 5. A kilomita 54 ya haura mita 11. An ɓoye ramin don kada duka ya same shi, amma in an karkata na'urar yadda bayanta ke fuskantar gaba, ko tirela ta wuce ka da gudu, za ka ga kason tudu ya yi tsalle. Ɗaura ta kusan a kwance.

Sai 720 ta Strava. Idan fayil ya zo daga na'urar da aka san tana da baromita, Strava kan amince da tsayin da ke ciki. In babu, sai ta watsar da tsayin wayar, ta ɗauki layin da ka bi ta ɗora a kan taswirar tsayi, ta karanto lambobi daga can. Garmin Connect, dandalin kamfanin Garmin mai ƙera na'urorin keke, ma haka yake yi wa na'urorinsa marasa baromita. Akwai kuma shinge: a bayanin da Strava ta fitar, sai hawa ya ci gaba ya wuce mita 2 kafin a ƙirga shi a fayil mai baromita, mita 10 a wanda babu. A hanya mai dogon tudu ɗaya shingen ba ya sauya komai. A hanya mai ƙananan hawa da gangara kuwa, irin wadda ke ratsa rafuka, shi kaɗai ya isa ya raba lambobin mutum biyu.

Ingancin wannan gyara ya dogara ne ga taswirar. Inda mahaya ke da yawa, Strava na amfani da tarin karatun baromitocin waɗanda suka bi hanyar a baya. Inda ba su da yawa, sai a koma taswirorin da aka auna daga sama. Mafi shahara ita ce SRTM, wadda kumbon Endeavour na Amurka ya ɗauko da na'urar rada cikin kwana 11 a watan Fabrairun 2000. Ta yanka ƙasa gida-gida, kowane gida kusan mita 30 a kan 30, lamba ɗaya ga kowane gida, kuma ƙa'idar da aka gindaya mata kuskuren mita 16 ne. Titi kuwa faɗinsa bai fi mita 7 ko 8 ba. Ka ɗauki hanyar da aka fasa a jikin dutse, kamar Hawan Kibo: gefe ɗaya bango, ɗaya gefen kwazazzabo. Idan jikin dutsen na tashi mita 1 a kowace mita 2, kuma GPS ya ture layinka mita 10 zuwa gefe, taswirar za ta ɗora ka mita 5 sama ko ƙasa da kwalta, ta yi ta maimaita haka a kowace kwana. Gada kuma ba ta san da ita ba: za ta gangara da kai cikin kogi ta sake hauro da kai. Gadojin sama da aka gina a Kano da Abuja shekaru bayan 2000 babu su a cikinta sam. Saboda haka kada ka danna gyaran tsayi a kan fayil mai baromita lafiyayya. Amfaninsa ranar da ruwa ya toshe ƙofa ne, ko ga waya mai GPS kaɗai.

Ba ƙananan mahaya kaɗai wannan ke cin wa ƙafa ba. A watan Yunin 2020, Lachlan Morton, ƙwararren ɗan tseren keke daga Ostareliya, ya yi ta hawa da sauka a tudun Rist Canyon da ke jihar Kolorado don tara mita 8,848, tsayin dutsen Everest. Ya lissafa yawan zagayen ne da tsayin da aka rubuta wa tudun a Strava. Bayan ya gama aka bincika aka ga tsayin bai kai yadda aka rubuta ba, aka soke masa. Sai da ya sake yi bayan mako guda, ya kammala cikin awa 7 da minti 29 da daƙiƙa 57.

Yanzu ga tudun da ya nuna kashi 4. Kason tudu rabo ne: tashi a kan nisa. Kashi 10 na nufin mita 10 a cikin 100, kusurwar digiri 5.7 kawai, shi ya sa lambar ke yi wa mutane kamar ta yi kaɗan. Don kwatance, Alpe d'Huez na Faransa, wanda ake hawa a tseren Tour de France, kilomita 13.8 ne a kan matsakaicin kashi 8.1. Tunda rabo ne, kuskure na girma in nisan ya gajarta. Kuskuren rabin mita a kan nisan mita 200 kashi 0.25 ne, ba wanda zai lura. Rabin mitar nan a kan nisan mita 10 kashi 5 ne. Mai ƙera na'ura yana da zaɓi biyu: ya nuna maka lambar nan take, ta yi ta tsalle daga 2 zuwa 14 ba a iya karantawa, ko ya tara karatun daƙiƙoƙin da suka wuce ya ba ka matsakaicinsu. Dukansu na biyun suke zaɓa. Abin da kake gani a fuskar na'urar labarin hanyar da ka riga ka wuce ne. Lokacin da kake fama a tsakiyar tudun, lissafin yana ɗauke da shimfiɗar da ke gindinsa. Da ka kusa kaiwa sama sai ya kamo. Da ka duba bayan ka haye, da ka ga tana nuna hawa alhali ka fara gangara. A ɗan gajeren tudu na mita 50 ko 80 na'urar ba za ta taɓa nuna ainihin tsananinsa ba, ya ƙare kafin ta farga. Wannan ba abin gyarawa ba ne, haka aka gina ta.

Abin da ke gyaruwa shi ne ɓangaren nisa. A tudu mai tsanani gudunka na sauka zuwa kilomita 6 ko 8 cikin awa, mita 2 a daƙiƙa, wanda bai kai girman rawar GPS ba. Nisan ya rikice, kason ma ya rikice. Maganin shi ne ɗan ma'aunin gudu da ake ɗaurawa a cibiyar taya, mai ƙirga juyawarta. Amma sai an ba shi kewayen tayar daidai. Jadawali na cewa taya 700x25 milimita 2,105 ce, 700x28 kuma 2,136, sai dai aunawa da hannu ta fi: hura tayar yadda ka saba, sa bawul a ƙasa ka yi alama da alli, hau keken wani ya riƙe ka, tura har bawul ya zagayo sau uku, auna da tef ka raba uku. Kuskuren milimita 40 kusan kashi 2 ne na duk nisan da za a rubuta maka. In kana lanƙwasa hagu da dama don rage wuyar tudu, kason da za ka gani zai ragu, kuma gaskiya ne, ka tsawaita hanyar.

Kafin fita ta gaba, gwada na'urorin biyu a gida. Kashe saitin da ke dakatar da rubutawa da kansa in ba a motsi, kunna rubutawa, ajiye su a fili minti 30. Lafiyayyar baromita ba za ta tara fiye da 'yan mitoci ba. Abin da wayar ta tara shi ne girman rawarta. Sannan nemi bene ka auna tsayin matakala ɗaya: in santimita 17 ce kuma guda 60 ne, mita 10.2 ke nan. Hau da na'urar a hannu, ka tsaya rabin minti a sama. Tsakanin 9 da 11 lafiya ce. Wannan gwajin zai kuma gaya maka ko wayarka na da baromita da manhajar ke amfani da ita, domin kusan duk iPhone tun daga ta 6 a 2014 suna da ita, wayoyin Android kuwa wasu na da wasu babu. A saitin na'urar zaɓi rubutawa kowace daƙiƙa. Nemi tsayin ƙofar gidanka daga taswira mai kyau, ko ka ɗauki matsakaicin karatun GPS na kwanaki da dama a fili, ka adana shi a na'urar. Na Garmin da yawa suna ɗaukar tsayin wurin da aka adana in aka fara tafiya kusa da shi. Don ka san ko lambar ta yi hankali, filin jirgin Malam Aminu Kano na kan mita 476, na Yakubu Gowon da ke wajen Jos mita 1,290, na Diori Hamani a Yamai mita 223. Bayan kowace tafiya da ta dawo inda ta fara, kwatanta jimillar hawa da ta gangara. Ya kamata su zo kusan ɗaya, kuma ratar da ke tsakaninsu ita ce zamewar ranar. A ganina, na'urori biyu masu baromita su bambanta da kashi 5 zuwa 10 a hanya ɗaya ba abin damuwa ba ne. Ya wuce haka, duba ramuka. In kana bin ci gaban motsa jikinka ne, tsaya a kan na'ura ɗaya da manhaja ɗaya, kada ka gwada lambar wannan da ta wancan.

Tudun nan kuwa, in kana son sanin ainihin kasonsa, siririn tiyon ruwa da magina ke daidaita gini da shi ya fi duk na'urorin nan. Nemi mai tsawon mita 15, cika shi da ruwa ka fitar da kumfar iska duka. Auna mita 10 a kan kwalta a wurin da ya fi tsanani, a gefen hanya, lokacin da motoci suka yi sauƙi. Abokinka ya tsaya a sama da bakin tiyon jingine da sanda, kai a ƙasa da sanda mai tsawon mita 2. Ku jira ruwan ya tsaya, kowa ya auna daga kwalta zuwa kan ruwan. In nasa santimita 30 ne, naka 140, bambancin 110 ne a cikin mita 10, kashi 11 ke nan. Ku maimaita a gindin tudun, da tsakiya, da kusa da sama, domin da wuya ka samu tudun da kasonsa ɗaya ne daga farko har ƙarshe.